Layi Ɗaya a Shafi Ɗari da Arba'in

Auta, 'yarmu ta ƙarshe, ita ta gina shafinmu na intanet, ba ni ba. Ni injin kwafin takardu nake gyarawa shekara talatin ke nan, abin da na sani na intanet bai cika cokali ba. Ita ta kwaso wata tsohuwar kwamfuta da wani ofis ya yar, ta tura ta ƙarƙashin teburin ɗakinta, ta mayar da ita saba, wato injin da ke miƙa wa duniya shafukanmu. Hotunan gida, zane-zanenta, labarin duk tafiyar da muka yi, har shafi ɗari da arba'in.

Da ƙodarta ta gaza, ta bi shafukan ɗaya bayan ɗaya tana liƙa sanarwa a samansu: tana neman mai ba ta ƙoda, ga rukunin jininta, ga lambar wayar mahaifiyarta. Wata huɗu ke nan da rasuwarta, sanarwar kuwa tana nan daram.

Sau biyu, sau uku a mako sai wayar matata ta yi ƙara. Mutanen kirki ne, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan, don babu wanda zan zaga. "Na ga sanarwarku, jinina ɗaya da nata. Yaya jikin nata?" Matata ta saurara har ƙarshe, ta yi godiya, ta faɗa musu abin da ya faru. Daga nan ta shige banɗaki ta saki famfo don kada in ji kukanta. Ina ji sarai.

Na ce zan zare filogin injin kowa ya huta.

"Baban Auta," ta ce, "in ka kashe abin nan, ka sake binne ta."

Na zauna in gyara shafukan da hannu. A shafi na shida na ci karo da hotonta tana shekara huɗu, sanye da takalmana na aiki, na rufe na fita waje. Saura ɗari da talatin da huɗu, kuma har lokacin ban tsayar da abin da zan rubuta ba.

Na kira Dogo, ƙanin matata, mai aikin kwamfuta a wani gari.

"Yaya, akwai dabara, SSI ake ce mata," in ji shi. "Ka rubuta sanarwar a fayil guda. Kowane shafi a sa masa layi ɗaya mai kiran fayil ɗin, sabar ce za ta riƙa ɗinka su duk wanda ya buɗe. In ka canza wuri ɗaya, ka canza ko'ina. Amma gwada a shafi ɗaya tukuna, minti goma ne."

Minti goman Dogo kwana uku ya ci mini. Na rubuta kalmar "gwaji" a fayil, na sa layin yadda ya karanto mini, na buɗe shafin. Wayam. Ashe sabar ba ta leƙa cikin fayil sai sunansa ya ƙare da shtml, namu kuwa duk html ne. Na ce to a canza sunayen. Ya ce a'a, duk wanda ya ajiye tsohon adireshi zai tarar da ƙofa a rufe. Sai muka bi ta ƙofar baya: akwai wani saiti da ke sa sabar ta duba duk fayil ɗin da aka yi wa alama. Na durƙusa ƙarƙashin teburin, ƙurar fanka tana shigar mini hanci, gwiwoyina suna tuna mini shekaruna. Na kunna saitin, na manta ban sake tayar da sabar ba, rabin yini ya tafi a banza. Da na tayar, sai ga wani dogon Turanci a saman shafin wai an samu kuskure. Na zagi injin, na zagi wanda ya ƙera shi.

"Yaya, ba laifinsa ba ne. A wace jaka ta cikin kwamfutar ka ajiye fayil ɗin?"

Ba inda layin ke nema ba. Na matsar da shi. Da hantsin rana ta uku kalmar "gwaji" ta fito, ƙarama, baƙa. Na yi murna, wallahi na yi, sannan kunya ta kama ni.

Dogo ya karanto mini umarni guda da ya share tsohuwar sanarwa daga dukan shafukan, ya sa sabon layin, ya yi musu alamar. Na goge "gwaji", na rubuta: "Allah ya yi mata rasuwa. Mun gode ƙwarai. Don Allah a daina kira." Na danna. Na buɗe shafi na ɗaya, na hamsin, na ƙarshe, duk magana ɗaya suke faɗi.

Mako ɗaya, biyu, uku, wayar tsit. Na ce a raina na yi aikin maza.

Ran nan na dawo cin abincin rana na tarar da ita a ɗakin Auta, wayar a cinyarta, ba ta ɗora komai a wuta ba.

"Baban Auta, ɗan kira ni in ji ko wayar nan ta lalace."

Na kira. Ta yi ƙara lafiya lau. Ta zuba mata ido har ta katse.

"Kowa haƙuri yake ba ni," ta ce. "Baƙin nan masu kira su kaɗai suka rage masu ce mini yaya jikinta." Ta ɗago kai. "Ana iya mayar da shafin yadda yake a da?"

Fayil ɗaya ne, layi uku, ko minti biyu ba zai ɗauke ni ba. Na tuna baƙon da zai kira da zuciya ɗaya yana tayin ƙodarsa, na dubi fuskarta, na ji na tsani kaina tun kafin in buɗe baki.

"Ba ya mayuwa," na ce.

Ta gyaɗa kai, ta kife wayar a kan tebur.