Kwalbar Man Yaya

Ni fatata mai maiƙo ce. Kafin rana ta take goshina ya fara ƙyalli, har Yaya takan ce da za a tatsa da an soya ƙwai. Ita kuwa, Allah ya jiƙanta, busasshiyar fata gare ta. In ta yi wanka ba ta shafa komai ba, sai kumatunta su yi furu-furu.

A bayan kasuwa akwai wata tsohuwa mai haɗa man fuska. Ba ta tambayar mutum irin fatarsa, wai kowa ƙarya yake yi wa fuskarsa. Sai ta sa ka wanke, ka zauna ta bushe, sannan ta manna maka farar takarda mai laushi a goshi da kumatu, ta ɗaga ta duba a hasken ƙofa. Takardar ba ta yar da ita. A gindin kwalbarka take shimfiɗa ta kafin ta zuba man. Dokarta ɗaya ce, kowa da kwalbarsa.

Da aka raba kayan Yaya, Mama ta miƙo mini kwalbarta ta wurin tsohuwar.

"Mama, wannan na busasshiyar fata ne. Ƙuraje zai feso mini."

"Gidan nan ba a zubar da abu, Auta. Shafa."

Na shafa, don tun rasuwar ko abinci ba ta ci. Ƙuraje ba su fito ba. Maiƙon ma ya ɗauke, na shiga yi wa madubi yanga. Sai fuskar ta fara ɗaurewa bayan wanka, tana zafi har sai na shafa. Sannan wani ɗan baƙin tabo ya fito mini ƙarƙashin idon hagu, daidai inda na Yaya yake.

Mama ta koma cin abinci. Takan zaunar da ni wajen taga ta yi ta kallona, kuma ta daina kirana Auta.

'Yata ce ta tsorata ni. In ta ji muryata daga ɗaki sai ta sheƙo da gudu tana "Umma", tana ganina ta ja ta tsaya, ta leƙa bayana. Na miƙa hannu, ta noƙe. Wannan ya fi komai yi mini ciwo.

Na ɗauki mayafi sai shagon tsohuwa. Ta manna takarda, ta ɗaga a hasken ƙofa. Fes, ko ɗigon mai babu.

"Ai na san fatar nan," in ji ta. "Naki ya ƙare ne?"

"Ba ni ba ce, Iya. Yayata ce, kuma ta rasu. Kwalbarta nake shafawa, ko raguwa ba ta yi."

Ta daɗe tana kallona.

"Ina za ta ragu? Mahaifiyarku ke kawo ta ina cikawa. Ba ta ce mini an yi rasuwa ba."

"To ki haɗa mini nawa, na mai maiƙo."

"Da wace takarda, 'yata? Ni abin da takarda ta nuna nake haɗawa. Kin taɓa barin taki a wurina?"

Ban taɓa ba. Can baya Yaya ta sha jana mu zo, ina cewa mai maiƙo me za ta yi da mai.

Na dawo gida fuskata na ɗaurewa kamar an ja ta da zare. Mama na zaune a falo, kwalbar na kan cinyarta a buɗe.

"Kin sha rana," ta ce. "Zo ki shafa, duk kin bushe."

'Yata ta taso daga gefenta a hankali. Rabon da ta matso ni har na manta. Na durƙusa. Ta kama bakin mayafina, ta sa ɗan yatsa ta taɓa tabon.

"Anti," ta ce, "yaushe Ummata za ta dawo?"