Zoben Madubi

A gandun dajin nan Sau-ɗaya ake ce masa, don ba ya maimaita harbi. Amma tun da ya haura hamsin, idonsa ya fara yi masa tsiya. Ɓauna a can ƙarshen fili yana ganinta tar, siraran layukan da suka gitta a cikin madubin bindigarsa kuwa sai su narke kamar zare a ruwa. Maganin abin zobe ne a bakin madubin. Ya yi ta murza shi a ɓoye, bara kaɗan, bana kaɗan, har ya kai shi ƙarshe. A nan kawai layukan ke tsaya masa.

Ƙanin matarsa ne mai kula da ɗakin bindigogi, kuma ya daɗe yana haɗiyar yawu a kan matsayinsa na maharbin gandu. Mutum ne mai dariya da yawa, irin wadda ba ta da daɗi. Shi ya lura da zoben.

Ranar gwajin shekara, wanda duk ya faɗi sai ya ajiye bindiga, Sau-ɗaya ya kwanta ya kai ido madubin. Hazo! Ya kai yatsa zai murza, zoben ko gezau. An mayar da shi daidai idon matashi, an bi shi da gam.

Ya ɗago. Ƙanin matar ya shaida wa shugaban gandu, da ladabi kamar gaske, wai ya tarar zoben ya kwance ne, shi ne ya gyara wa yayansa.

Tsoro ya kama Sau-ɗaya, tsoro na gaske. In ya yi ƙorafi ya tona kansa, in ya yi shiru ya harbi iska. Ya zaɓi shiru. Ya lalubi tsakiyar hazon ya ja kunamar bindigar. Ƙura ta tashi can gefen allon da ake auna harbi, wani ya tambaya ko fara yake farauta, aka kwashe da dariya. Harbi na biyu ma haka.

Ƙanin matar ya karɓi bindigar, bai taɓa komai ba, ya huda tsakiyar allon.

"Yaya, bindiga dai lafiyarta lau."

Shugaban, wanda Sau-ɗaya ya koya wa riƙon bindiga, ko kallonsa bai yi ba. Ya ce daga gobe ya koma liƙa takardu a jikin allo, tunda wannan ko da lalube ana yi.