Sabon Shiga Mai Shekara Arba'in da Shida

Ranar Litinin Sirkka Lehtomäki ta gama kwashe sunayen 'yan ƙungiyar sirace, masu wankan tururi a wani ɗaki da ke bakin tafkin Kallavesi, daga tsohon littafi zuwa sabon shafin intanet. Mutum ɗari biyu da sha ɗaya ne. Ita ce sakatariya, kuma ita ta nace a bar littafin.

Wasiƙa iri biyu shafin yake aikawa da kansa: ta maraba ga wanda ya shigo, da rasit ga wanda ya biya. Ta marabar da kamfanin da ya gina shafin ya rubuto cewa take zukatansu sun cika da murna, mai shigowa ya zama ɗan gida. Sau uku kwamiti yana zama a kanta. Aulis, shugaban ƙungiya, ya ce shi tun da yake bai taɓa ganin wanda zuciyarsa ta cika da murna a garin Kuopio cikin sanyin Nuwamba ba. Aka yi ta yanka har ta koma layi biyu: "Barka da shigowa. Sabon shiga yana zama a bencin ƙasa, kuma ba ya taɓa murhu sai ya cika shekara."

Abin da Sirkka ba ta lura da shi ba, duk sunan da aka shigar sabo ne a wurin na'ura. Kowa ya sami wasiƙar. Mutum ɗari biyu da goma suka goge.

Na ƙarshen shi ne Taisto Pursiainen, wanda da shi aka gina ɗakin siracen a 1979, kuma tun lokacin shi kaɗai ke hura wutarsa. Ranar Laraba ya zo a kan lokaci, ya tuɓe, ya zauna a bencin ƙasa kusa da ƙofa, wasiƙar tana gefensa, an buga ta an sa a leda. Bai kunna komai ba. Maza goma sha ɗaya suka hau bencin sama suka zauna cikin sanyi minti arba'in. Daga nan suka fita suka faɗa tafki kamar kullum, suka tafi gida.

Aulis ya kira Sirkka. "Sakatariya, Asabar baƙinmu na garin Savonlinna za su zo, mutum talatin. Awa shida wutar nan take ci kafin hayaƙi ya fita daga ɗakin, kuma ba wanda ya iya ta sai tsohon nan. Ni da na gwada sau ɗaya, 'yan kwana-kwana ne suka ƙarasa mini."

"Ka yi masa magana mana, ai abokinka ne."

"Shekara talatin muna zama benci ɗaya ba mu yi magana ba, sai yau a kan na'urarki? Idan baƙi suka tarar da ɗaki da sanyi, ki kawo mini makullan ofis."

Da safe ta je gidan Taisto. Ya zuba mata kofi, ya turo mata burodi.

"Dattijo, kuskure ne. Kowa ya sami irinta."

"To kowa ya sauko bencin ƙasa."

"Haba, wa bai san kai ka gina wurin ba?"

"Ƙungiya ba ta sani ba." Ya ɗaga ledar. "Ga shi a rubuce, har da tambari. Ni na kawo dokar shekara ɗayan nan, 'yata. So kike a ce ni na fara karya ta?"

Ta koma ta rubuta masa takardar ban haƙuri da hannunta, ta kai masa da yamma. Ya sa tabarau ya karanta har ƙasa.

"Rubutunki ya fi na uwarki kyau," ya ce. "Amma wannan daga Sirkka take. Waccan daga ƙungiya ta zo. Wanda ya mayar da ni sabon shiga shi zai mayar da ni tsoho."

Sirkka ta zauna gaban kwamfuta ranar Juma'a. Ta duba ko'ina, ba wasiƙa ta uku. Idan ta sake aika ta maraba, wata shekarar za ta ƙara masa. Saura rasit. Ta buɗe shi, ta bar lamba da kwanan wata yadda suke, ta ƙara layi ɗaya a ƙasa: "Taisto Pursiainen ɗan ƙungiya ne tun 1979. Shi yake hura wuta, kuma wurinsa bencin sama ne, gefen taga." Rasit ba ya fita sai an sayi wani abu, don haka ta saya da sunansa damin ganyen da ake bugun jiki da shi a ɗakin sirace, yuro biyar. Na'ura ta aika.

Asabar da ƙarfe takwas na safe hayaƙi ya tashi a bakin tafki.

Baƙi suka iso da rana. Kowannensu ya biya kuɗin shiga ta waya a bakin ƙofa, wayoyi talatin suka yi ƙara ɗaya bayan ɗaya, rasit yana shigowa. Nan Sirkka ta tuna ba ta cire layin ba. Ta tsaya riƙe da tulin tawul tana kallon mutanen Savonlinna suna karantawa. Shugabansu ya ɗago kai ya tambaya wane ne Taisto. Aka nuna masa. Suka jera, kowa ya miƙa masa hannu kafin ya shiga, kuma ba wanda ya kusanci gefen taga.

A zaman kwamiti na gaba ta nemi izini ta cire layin. Taisto, wanda rabonsa da zuwa zama shekara tara, yana kujerar gaba da leda biyu a cinyarsa.

"Akwai ƙarya a ciki?" ya tambaya.

Ba wanda ya ce akwai. Aka kaɗa ƙuri'a, layin ya zauna a kowane rasit, makullan ofis suka zauna a jakar Sirkka. Aulis ya sa aka rubuta a bayanin zama cewa kada sakatariya ta sake gyara wata wasiƙa sai kwamiti ya zauna sau uku.