Ragar da Aka Sa wa Malam Mode

Ta kan katanga Laraba ta miƙo wandon mijinta a dunƙule, tana waiwayen ƙofar gida.

"Malama, diba mani wanga. Kwana ukku ina wankewa, shina dawowa."

Justina ta ajiye bokitin da ke hannunta ta karɓa. Shekara tara ke nan da ta baro Zuru tana aikin jinya a wani ƙaramin asibiti a Goronyo, kuma duk shekarun nan katangar nan ce kawai tsakanin ɗakin hayarta da gidan Malam Mode manomin albasa, mijin Laraba. Ta warware wandon. Wajen matsematsi na dama ya jiƙe da wani ruwa rawaya-rawaya, gefe-gefen ya bushe ya yi tauri. Tun ba ta kai shi hanci ba warin ya iso.

"Daga wurin aikin ne?"

"Ban gani ba. Ba ya bari a gani."

Sati biyar da suka wuce wasu likitoci suka zo aikin kyauta, aka yi wa Malam Mode tiyatar ƙabar da ya shekara goma yana fama da ita. Aka shimfiɗa masa raga ta ciki don ta riƙe naman wurin. Ya dawo gida yana dariya, yana cewa shi yanzu kifin dam ne, sai dai ta ciki aka kama shi. An ce ya yi wata biyu bai ɗaga abu mai nauyi ba. Sati biyu ya yi, dashen albasa ya zo, ya ɗauki injin ban ruwa a kafaɗa.

"Yana zazzaɓi?"

"Awo. Ga amai tun shekaranjiya, kore shar. Ko kunu ba ya zama."

"Bayan gida fa?"

Laraba ta sunkuyar da kai. "Ban ga ya zaga ba tun ran Lahadi."

Ranar Alhamis ce. Justina ta tsaya da wandon a hannu. Juma'ar da ta wuce ta gan shi ya fito zaure yana tafe a karkace, hannu dafe da mara. Ta tambaye shi jiki, ya ce lahiya lau. Ta makara wajen rigakafin yara, sai ta wuce.

"Yana ina yanzu?"

"Hwadama. Yau aka sakin ruwa layinsu."

Mijin Justina, Levi, bai riga ya tafi makarantar da yake koyarwa ba. Ya tayar da babur ta hau baya, suka bi gefen babbar hanyar ruwan da ta taso daga dam. Suka iske Malam Mode zaune a bakin magudana, fartanya yashe a gefensa, ruwa na bin fangalai ba mai juya shi. Leɓunansa sun bushe sun yi fari. Ya ɗago kai ya dube su, bai yi mamaki ba.

"Malam Lebi, kai da iyali ad da sahe haka? Lahiya?"

"Baba Mode, wurin aikin nan nake son gani," in ji Justina.

"A'a, Malama. Ke ɗiyata ta. Ba wurin da za ki gani ba na."

"Aikina ke nan, Baba."

"Na sani."

Ta san ba zai yarda ba. Sai ta juya musu baya ta fuskanci gonakin tafarnuwa da ke ƙetare, ta ce wa mijinta ya duba, ya riƙa gaya mata. Ta ji ƙarar mazagi ana kwancewa. Ta tambaya ba tare da ta waiwayo ba.

"Ya kumbura?"

"Ya kumbura ƙwarai."

"Wane launi?"

"Ja. Tsakiyar ta yi duhu. Ɗinkin ya buɗe kaɗan, ruwa na fita."

"Sa bayan hannunka a wurin."

"Da zafi."

"Danna cikinsa a hankali, sama da cibiya."

Wani nishi ya fito wanda ba ta taɓa jin irinsa daga bakin tsohon ba. Levi ya ce cikin ya yi tauri kamar katako. Can ƙetare wata mata na tafe da ƙwaryar fura a ka, Justina ta bi ta da ido har ta ɓace bayan bishiyoyin darbejiya.

"Baba Mode, Sakkwato za mu tafi. Yanzu."

"Mi aka gaggawa? Bari ruwa shi kai hwangalin ƙarshe."

Levi ya naɗe ƙafar wandonsa ya ɗauki fartanyar, ya shiga buɗe bakin fangalai yadda tsohon ke nuna masa da yatsa. Ita kuwa tana tsaye tana duba agogo. Minti ashirin da biyar.

Motar da ta kwashe su ƙaramar tasi ce mai warin albasa. Laraba na gaba, Justina na baya da kan Malam Mode a kafaɗarta, abin da jiya ba zai yarda da shi ba. Daidai mararrabar Wurno ya nemi ruwa. Justina ta ce ba a sha, wataƙila a shiga da shi tiyata. Ta jiƙa bakin gyalenta ta shafa masa a leɓe.

"Malama, da na hwaɗa maki tun ran Juma'a, da mi za ki yi?"

"Da na kai ka asibiti ran Juma'a."

"To."

A babban asibiti wani likita matashi ya ja Justina gefe, ganin fararen kayanta. Ya ce ragar ta kama ƙwayoyin cuta, hanji ya manne mata ya toshe, ga alama har ya huje. Ya tambayi kwana nawa da fara aman. Ta faɗa. Ya rubuta, bai dube ta ba. Suka shiga da shi bayan la'asar, suka cire ragar da wani yanki na hanjin. Bai farfaɗo sosai ba. Washegari ana kiran sallar Juma'a ya cika.

Justina ce ta gaya wa Laraba, a baranda, kusa da wata mai sayar da ayaba. Laraba ta ce innalillahi, sannan ta tambaya ko takalmansa na ciki, a ɗauko su kar a bari.

Aka dawo da shi Goronyo, aka kai shi kafin magariba. Levi ya bi maza har maƙabarta, ya tsaya nesa kaɗan da hannu a baya. Justina ta zauna cikin mata a tsakar gida. Ana shigowa ana gaisuwa, har ita ake yi wa, tana amsawa. Ta jira kuka ya zo, bai zo ba. Asabar ta je aiki, ta auna jarirai goma sha ɗaya, ta rubuta nauyin kowanne daidai.

Ranar sadakar uku, da mutane suka ragu, Laraba ta ce kanta na sarawa.

"Ko za ki gwada mani jinin nan, Malama?"

Justina ta zagaya ta ɗauko abin awon. Suka zauna kan tabarma a ƙofar ɗaki. Ta naɗa wa Laraba ƙyallen a damtse, ta sa abin sauraro a kunne, ta matsa robar har ta yi tauri, sannan ta sassauta. Bugun jinin ya shigo mata kunne, a hankali, ɗaya bayan ɗaya. Allurar ta yi ta sauka, ta wuce inda ake karantawa, ta kwanta a ƙasa. Justina ba ta cire abin daga kunnenta ba. Laraba ma ba ta janye hannun ba.