Tayar Da Ke Juyawa A Firi

Tayar baya tana juyawa a sama, sannu a hankali, ba wanda ya aike ta. Rilwanu bakanike ya ɗaga gefe guda na a-kori-kurar da jak, ya tayar da inji, ya bar giya a firi.

"Ka gani ko!" in ji Nasiruddeen, mai motar. "Yaya Zainu, ka gani da idonka. A firi take, amma ga ta tana tafiya."

Zainulabidin, yayan matarsa, yana tsaye a gefe. Tun daga Sabo har garejin nan na bayan Mokola, carbi kawai yake ja.

Duk direban da ke kwana a gangaren Sabo ya san birkin hannu ado ne kawai. A giya ake barin mota, a tokare ta da dutse. Da safe kuma son jiki kan sa mutum ya zura hannu ta taga ya murɗa makulli, inji ya ɗumama kafin a gama shan shayi. Sharaɗin ɗaya ne, ka fara mayar da giya firi. Ran nan Nasiruddeen yana saurin zuwa lodin albasa a kasuwar Shasha, ya murɗa, motar ta yi tsalle ta haye dutsen, ta matse matarsa Haulatu da bango tana tsaye tana shanya. Yanzu tana kwance a asibiti, likita ya ce ƙafafun sai dai addu'a.

Ya rantse mata ya cire giya. Ta yarda, baiwar Allah, har tana faɗa wa masu dubiya cewa motar ce mai lahani. Shi kuwa ya juya safiyar nan a ransa har ta goge, bai ƙara sanin abin da hannunsa ya yi ba. Tsoro ne ya kawo shi garejin, tsoro tsagwaronsa.

Rilwanu ya goge hannu da tsumma, yana kallon ƙasa. Haifaffen Sabo ne, tare suka yi makarantar allo da Nasiruddeen, da sunan 'yarsa ma yake kiransa.

"Baban Radiyya, abeg, ka saurare ni. Ko a firi, haƙoran giya suna yawo a kan sandar da ke kai ƙarfi baya, ba su kama ta ba ne kawai. To man giya yana da kauri, balle da safe. Shi ke ɗan jan sandar, kamar yadda koko ke bin ludayi. Taya na sama, ba nauyi, sai ta bi."

"Ai ta bi! Abin da nake faɗa ke nan."

"Ta bi don ba abin da ya tare ta." Ya juya ga Zainulabidin. "Alhaji, ɗora hannunka a kai. Ba komai, wallahi."

Zainulabidin ya zuba carbin a aljihu. Ya miƙa tafin hannu, irin yadda ake taɓa goshin mai zazzaɓi, ya ɗora a kan tayar. Ta tsaya cak. Inji na ta gunjinsa, ko canza sauti bai yi ba. Ya ɗauke hannun, ta sake somawa. Ya mayar, ta tsaya.

"Wannan zai iya tura mota ta haye dutse?" ya tambaya.

Rilwanu ya so ya yi ƙarya, an gani a fuskarsa. "Ko kaza ba zai ture ba, Alhaji. Giyabos ɗin nan lafiyarsa lau." Sannan ya dubi Nasiruddeen, ya ce a hankali, "Pele, sannu aboki."

Nasiruddeen ya zauna a kan wata tsohuwar taya. Da a ce Zainulabidin ya shaƙe shi, ko ya zage shi ta uwa ta uba, da ya ji sanyi. Amma mutumin ya daɗe yana kallon tafin hannunsa da ya yi baƙi.

"Ba zan faɗa mata ba," ya ce daga ƙarshe. "Kai ma kada ka kuskura. Da maganar lahanin motar nan take iya barci." Ya kama hanyar titi, bai waiwayo ba.

Rilwanu ya kashe injin, ya sunkuya zai sauke jak.

"Bar shi," in ji Nasiruddeen. "Sauke giyabos ɗin, ka buɗe."

"Ba abin da za ka gani a ciki."

"Na sani. Buɗe dai."

Rilwanu ya dube shi, ya dubi motar. Sannan ya jawo kwali ya shimfiɗa a ƙasa, ya shige ƙarƙashi da sifana.