Ragon Sunan da Ya Ƙi Ɓoyuwa

Ni Kulu, mai gidan haya a Ƙofar Sauri, na ga shirme iri-iri a tsakar gidana, amma ban taɓa ganin wanda aka yi da zuciya ɗaya kamar na ragon Haulat ba.

Haulat matar wani tela ce mai suna Murtala, su ne a ɗakin da ke kusa da rijiya. Tun cikinta yana ƙarami Murtala ya sayo ɗan rago na suna, wai kafin a haihu ya yi ƙiba. Ya yi ƙibar kuwa, har da ƙarin rashin kunya. Haulat ta sangarta shi da gutsuren biredi da ragowar shayi, har ta kai in ka miƙa masa harawa sai ya dube ka kamar ka zagi iyayensa. Da ciki ya tsufa ta tafi gidansu goyon ciki, tunda haihuwar fari ce. Ta haifi 'ya mace. Yarinyar ba ta kai ranar suna ba, Allah ya karɓi abarsa.

Na ji mutuwar nan har cikin ƙashina. Murtala kuwa ya daina magana, sai dai ka ji keken ɗinkinsa yana tafiya, ko babu yadi a kai.

Ranar da ya tafi ɗauko Haulat bayan ta gama wanka, mutanen gida suka yi shawara ba tare da an tambaye ni ba: kada ta shigo ta ga wani abin da zai fama mata ciwo. Rabi, matar ɗakin tsakiya, ta kwashe bahon wanka da 'yan riguna da zannuwan goyo ta tura a bayan buhunan gawayi. Aka kuma ja wa kowa kunne, an riga an yi gaisuwa, kada wanda ya sake tayar da maganar. Ana cikin haka sai Sa'idu ɗan acaɓa, aminin Murtala, ya tsaya cak a tsakar gida yana nuni da makullin mashin.

"Inna, to wannan hwa?"

Ragon yana tsaye a turkensa yana tauna igiyar shanyata.

Nan da nan aka kira Lado, Bafulatanin da ya sayar da shi, mai ruga a bayan gari. Lado ya zo da malfarsa da sandarsa, ya zagaya ragon, ya ce shi da ya yi kiwon bijimai, wannan ai ko ɗaure shi ba sai an yi ba. Suka ɗora shi a mashin, Sa'idu a gaba, Lado a baya, rago a tsakiya yana kallon unguwa kamar ango. Na ce masu abin nan ba zai yi kyau ba. Ba wanda ya ko waiwayo ni.

Ban gama tankaɗen garin tuwo ba sai ga rago ya shigo gida shi kaɗai, ya wuce turkensa ya kwanta. Can da jimawa sai ga su sun iso, Lado yana ɗingishi da takalmi ƙafa ɗaya. Ashe ragon birni ne, bai san saniya ba. Da ya ga garke sai ya tunkuyi Lado a gwiwa ya kama hanyar gida, ko ɓatan kai bai yi ba.

"Inna Kulu, wannan ba rago ba ne," in ji Lado. "Ma'aikacin gwamnati ne."

Suka sake ɗora shi, wannan karon da igiya, wai za su ba wani ɗan'uwan Lado ajiya a Babbar Kasuwa. A bakin kasuwar ne ya jiwo ƙamshin teburin mai shayi. Abin da ya biyo baya daga bakin Sa'idu na ji shi: biredi a ƙasa, gwangwanin madara yana gangarawa ƙarƙashin mota, mai shayi ya biyo su da ludayi yana ambaton kakanninsu. Suna cikin gudun ne Murtala ya bugo waya ya ce shi da Haulat sun shigo gari.

Suka faɗo gida su uku, duk suna haki. Ba lokacin zuwa ko'ina. Sa'idu ya dubi ƙofar ɗakina, ya dube ni.

"Kul!" na ce. "Ɗakina? Inda kwanukan aurena suke jere?"

"Inna, don Allah, don Haulat."

Kafin in sami amsa sun tura shi ciki, Lado ya bi shi don ya riƙe masa baki, Sa'idu ya ja ƙyaure. Rabi ta kife turmi a kan turken ta zauna a kai, ta gyara ɗankwali.

Haulat ta yi sallama. Ta rame, idanunta sun faɗa, sai na ji zuciyata ta karye. Mata suka taso da gaisuwa: ya hanya, ya mutan gida, ya zafi, ya gajiyar mota. Har lafiyar kajin uwarta aka tambaya. Tana amsawa a hankali. Ta leƙa ɗakinta ta gan shi fes, ta daɗe a tsaye a bakin ƙofa. Sannan ta juyo ta dubi inda Rabi ke zaune a kan turmi.

Sai rago ya yi kuka daga ɗakina.

Sa'idu ya zabura ya ciro waya daga aljihu. "Wayata ce! Sabon kiɗan kira na sa." Ya kara ta a kunne. "Salamu alaikum, wa ke magana?"

Rago ya sake kuka, wayar tana manne da kunnensa.

"Wani kiran ne ya shigo," in ji Sa'idu, gumi yana zubo masa.

Na uku ba kuka ba ne, ƙarar kwanukana ce, tun daga na sama har na ƙasa. Ƙyaure ya buɗe da ƙarfi. Rago ya fito da mayafina na zuwa biki a rataye a ƙaho, yana jan Lado da ke riƙe da ƙafarsa ta baya yana salati. Bai kula kowa ba. Ya miƙe wurin Haulat, ya cusa hanci a tafin hannunta yana neman biredi.

Haulat ta fashe da dariya, har ta durƙusa ta dafa wuyansa. Murtala ya tsaya da jakarta a hannu, baki buɗe. Dariyar ba ta tsaya ba sai da ta koma kuka, irin wanda ake yi da dukan jiki, ta kifa fuska a bayan ragon. Rabi ta taso za ta ce ta yi shiru, na harare ta, ta koma kan turminta.

Da ta ɗago, ni ta duba.

"Inna, shi ma ɓoye mani shi za ku yi? Tun da na shigo ake tambayata hanya da zahi. An share ɗaki kamar ban taɓa ɗaukar ciki ba." Ta juya wajen mijinta. "Malam, don ita na yi kiwonshi. Gobe a kira liman a yanka, a raba ma maƙwabta. Su san na haihu."

Murtala ya ajiye jakar a ƙasa, ya gyaɗa kai, hawaye suna bin gemunsa. Lado, da ke zaune dirshan yana duba gwiwarsa, ya ce shi zai riƙe ƙahon da kansa, kuma ba ya son ko tsoka ɗaya.

"An yi mata huɗuba da Suwaiba," in ji Haulat.

Mata suka dubi juna. Kowa ya san uwa ba ta kama sunan 'yar fari, balle a gaban maza. Rabi ta rufe baki da hannu tana raɗa, "Haulat, ɗiyar hwari ce hwa."

"Na sani, Yaya Rabi. Na jira wani ya hwaɗa, ba wanda ya hwaɗa."

Na taka kan murfin kwanona da ya gangaro har waje, na je na zauna kusa da ita a ƙasa, na kama hannunta.

"Allah ya sa Suwaiba mai ceto ce," na ce.

Gida ya amsa da amin, har da Sa'idu, wanda har yanzu wayar tana kunnensa. Haulat ta matse yatsuna.

"Inna," ta ce, "sake hwaɗin sunan."