Ruwan Farko na Saiwar Sanya

Ni na kai saiwar da hannuna, ba wanda ya aike ni. Wannan nake so a fara sani.

A shekarar 1956 ni kaɗai ce mace a ɗakin gwaje-gwajen magunguna na gwamnati da ke Kaduna. Na gama makarantar 'yan mata, na fi duk mazan wurin iya rubutu, amma aikina wanke kwalabe da ciyar da fararen ɓeraye. Da Baturen likitan da ke shugabantar mu ya ce yana neman itatuwan da mutanenmu ke magani da su, sai na ga dama ta samu. Gwaggo Kaltume, yayar mahaifina, shekara ashirin tana sayar da maganin sanyin ƙashi a kasuwa. A dajin bayan Mando take haƙo saiwar itacen sanya. Tsofaffi daga Malali har Kawo sun san rumfarta.

Na je na roƙe ta saiwa uku.

"Me Nasara zai yi da ita, Sa'ade? Gwiwa ke damunsa?"

"Zai duba abin da ke cikinta ne, Gwaggo. Sunanki zai shiga littafi."

"Sunana yana bakin mutane, ya ishe ni. Ungo. Amma ki gaya masa ruwan farko ba na kowa ba ne, zubarwa ake yi."

Na gaya masa. Na ce sau uku ake jiƙa ta ana zubar da ruwan, sannan a daka da man kaɗe a shafa a gaɓa, kuma ba a sha. Ya yi murmushi ya ce duk abin da ya fito daga saiwa na saiwa ne, ilimi ba ya zubar da kome. Ya jiƙa ta, ruwan ya yi kumfa kamar an kaɗa sabulu, ya tace, ya yi wa ɓeraye shida allura. Kafin azahar duk sun mutu. Ni na kwashe su.

Bayan mako biyu Inuwa dubagari ya je kasuwa da takarda. A gaban mahauta da masu hatsi ya karanta cewa abin da ake sayarwa a rumfar Kaltume guba ne, ya sa aka kwashe kayanta aka ƙone. Kafin nan, ni aka fara ba takardar in juya ta zuwa Hausa, na ajiye musu ita a kan tebur na ce ba zan yi ba. Sai aka aika da ita ofishin akawuna, ta faɗa hannun mahaifina, Malam Rabe, ya juya. Da na yi masa magana a gida ya ce, "Ke kin taɓa ganin akawu ya zaɓi takardar da zai rubuta? Ke kika tono wannan, ki rufe mini baki."

Ban rufe ba. Wata guda, duk lokacin hutun rana in maza sun fita cin abinci, ina gwajina. Na soki yatsana, na ɗiga jini a gilashi, na zuba masa ruwan farko, na duba a madubin ƙara girma. Jajayen ƙwayoyin jinin suka farfashe a idona. Ruwa na biyu ya fasa kaɗan. Na uku bai taɓa ko ɗaya ba. Abu biyu ne a saiwar: mai kumfa da ke bin ruwa ya fita, da wani maiƙo mai ƙamshi da ke zama a jikinta, wanda ke ɗumama fata ya kwantar da ciwo. Na aske wa ɓeraye goma gashin baya, na shafa musu haɗin yadda Gwaggo ke yi. Duk suka rayu, har biyu suka haihu. Yatsuna sun yi tabo kamar na mai koyon ɗinki. Abokan aikina suna kirana likitar ɓeraye, ina amsawa da ƙarfi don su ji.

A unguwa kuma an daina gaishe ni. Wata mata da Gwaggo ta yi wa uwarta magani ta tofar da yawu da na wuce. Ban sunkuyar da kai ba, kuma ban sake hanya ba.

Na kai wa likitan littafin da na rubuta gwajina a ciki. Ya karanta shafi-shafi, ya daɗe a kan zanen ƙwayoyin jinin, ya ce aiki ne mai kyau ƙwarai, bai zaci haka daga gare ni ba. Na ce to a janye takardar kasuwa. Ya ce rahotonsa bai yi ƙarya ba, akwai guba a saiwar, ni ma na tabbatar. In aka bar tsohuwa ta ci gaba, wani ya sha ruwan farko fa, wa zai amsa?

"Shekara ashirin ba wanda ya sha," na ce, "sai ɓerayenka."

Fuskarsa ta yi ja. Ya sa littafin a aljihun teburinsa ya kulle, ya ce kayan gwamnati ne tunda da gilashin gwamnati aka yi aikin.

Gwaggo ta yanke shawarar komawa ƙauyenmu a ƙasar Zazzau. Ranar tafiya na same ta a tsakar gida tana ɗaure turminta da igiya. Tun ranar kasuwa ba ta yi mini magana ba. Na durƙusa na gaishe ta, na faɗa mata duk abin da na gani: jinin, kumfar, ɓeraye goma. Na ce gaskiya tana wurinta, na tabbatar, kuma zan faɗa a ko'ina.

Ta ja igiyar ta ƙulle, sannan ta dube ni.

"Yanzu kin tabbata ba guba nake sayarwa ba?"

"Na tabbata, Gwaggo."

"Madalla. Ni na shafa wa uwarki wannan magani tana da cikinki, ba ta iya miƙewa. A bayana kika girma kina jin ƙamshinsa. Amma sai da ɓera ya gaya miki."

Na miƙa hannu zan ɗaukar mata turmin zuwa tasha.

"Bar shi," ta ce. "Hannun masu farar riga ne, kada ya yi kanta."

Ta aza shi a ka da kanta ta fita. Na bi ta a baya har tashar mota, taku biyar tsakaninmu, mutane na kallo. Ba ta waiwayo ba, ni kuma ban koma ba sai da motar ta tashi.